Benci Ɗaya

Ƙarfe huɗu da kwata, ranar Argungu ta fara laushi.
Na jingine babur a gindin dogonyaro,
na kakkaɓe allin firamare daga hannun rigata,
na shiga ajin yamma na kwaleji
da furfurar da na daina ƙirgawa tun bara.

A bencin da na saba zama
sai ga yaro, farar riga, shuɗin wando,
ko bajen sakandare bai cire ba.
Na ce, "Samari, ka yi ɓatan aji."
Ya miƙe tsaye, hannuwa a baya:
"Malam Dantani, ni na. Zayyanu."

Zayyanu na Kulu mai masa.
Aji uku, layin taga,
wanda bakwai ɗinsa kullum ke juya wa allo baya,
wanda na riƙe wa yatsu muka zana ta
har alli ya koma gari a tafina.

Su shida aka zaɓo, in ji shi,
su fara taɓa karatun gaba
tun ba su zauna jarrabawar fita ba.
Makin da suka ci a nan za a adana musu,
kamar irin shinkafa a rumbu
yana jiran fadama ta janye ruwa.

Dakta Manga ya shigo, ya cika allo da lissafi.
Na bi shi layi ɗaya, layi biyu, layi takwas,
a na tara ƙasa ta ƙwace mini.
Na yi tari. Na goge tabarau. Na duba agogo.
Sai na ji littafi yana matsowa
a hankali, har gwiwar hannuna,
mai shi bai ko waiwayo ba.
Ya ja layi ƙarƙashin inda na yi tuntuɓe.
Kuma bakwai ɗin nan tsaye take cak,
irin tawa ce, har da ɗan ƙugiyar.

Da dare na faɗa wa Luba.
Ta yi dariya sai da ta ajiye ludayi:
"To wa ya koya masa riƙon alƙalamin?"
Na ce ba ki gane ba.
Ta ce, "Ci tuwonka."

Mako na biyar barci ya kayar da shi.
Tun asuba ya kai wa uwarsa itace,
ya yi taron safe, darasi takwas, aikin gida biyu,
ga jarrabawar fita na leƙo shi ta katanga.
Kansa ya sauka kan benci kamar tulun da aka sauke.
Na gyara zama, babbar rigata ta tare shi.
Ranar na rubuta komai sau biyu,
har abin da ban fahimta ba,
da kyakkyawan rubutun da nake ajiyewa don rajista.

Da aka liƙa sakamako
na fara nema daga ƙasa, don na san kaina.
Hamsin da huɗu. Alhamdu lillahi.
Shi saba'in da ɗaya.
Ya tsaya nesa yana kallon takalminsa
kamar wanda ya fasa gilashin ofis.
Na ce, "Zo nan. Ɗaga kanka.
Wa ya ce maka gyaɗa na jin haushin mai?"

Ya karɓi jakata, yadda suke yi tun suna aji uku.
Na ɗauke shi a babur zuwa Tudun Wada,
muna kauce wa ramuka da awakin magariba.
Daidai kwanar masu kifi ya matso kunnena:
"Malam, insha'in Hausa na ba ni wuya.
Ko za ka duba mini gobe?"

Na ce ya zo da jan biro,
nawa ya ƙare.